Duk Sanda Aka Kawo Wuta Sai Na Amince

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji ta bakina. Gaskiya ne ranar Talatar da ta wuce na amince zan auri mutum ɗaya har sau tara tsakanin hantsi da la'asar. Amma wallahi ko sau ɗaya ba ni ce na amsa ba. Ta farkon ma ina banɗaki ina wanke gashi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni mai gyaran kwamfuta ce. Shagon na Baba ne, a gaban gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida. Tun da hannun Baba ya fara rawa ya sakar min kujerar aiki, shi kuma ya koma kan benci a bakin ƙofa yana gyara min aikina da baki. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Yanzu ba ta da wani buri a duniya sai ta ga na yi aure, kuma tana tuna min sau uku a rana kamar shan magani.

Sai kuma shi. A wurin aikinsu Injiniya suke ce masa, kwamfuta ɗari biyu ke ƙarƙashin kulawarsa a wani kamfanin jigilar kaya. A gidanmu kuwa Bakwai-Daidai ne sunansa, domin wata takwas ke nan kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa ke shigowa wayata: "Barka da asuba, kin tashi lafiya?" Bakwai da minti ɗaya wayar Baba ta yi ƙara. Bakwai da minti biyu ta Gwaggo.

"Wannan shi ne ɗan mutunci," in ji Gwaggo. "Ranar da aka yi masa tiyata ma sai da ya gaishe ni."

Ai ranar ce na gano. Ƙarfe shida da rabi aka shiga da shi, ƙanwarsa ce ta gaya min. Mutum yana kwance an yi masa allurar barci, likita na tsaye a kansa da almakashi, amma yana tambayata ko na tashi lafiya. Da ya warke na titsiye shi, ya sunkuyar da kai ya amsa laifinsa. Wata 'yar manhaja ya rubuta take aika gaisuwar. Har ranar Juma'a ya koya mata ta ƙara da addu'a.

Duk da haka ina sonsa. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Ina son yadda in ya kwance abu yake jera ƙusoshin a kan hankici daga ƙarami zuwa babba. Ina son yadda yake sauraron Baba yana ba da labarin da ya riga ya ji sau shida, kuma ya yi dariya a wurin da ya kamata. Abin da ke cin raina ɗaya ne: wata takwas, ban san wace kalma ce daga cikin waɗanda ke wayata ya faɗa da kansa ba, wacce ce kuma na'ura ta faɗa a madadinsa. Na yi wa kaina alkawari, in har maganar aure za ta zo, daga bakinsa za ta fito, amsar kuma daga nawa.

Bakin nasa kuwa da sauƙi, domin yana da i'ina. In kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido yana kokawa da ita, mu kuma sai mu ƙarasa masa. Gwaggo ce gwana. Wata rana ya shigo tsakar gida da sauri ya ce, "Gwaggo, na z-z-zo in..." ta tare shi da, "Ka gaishe ni, Allah ya yi maka albarka, zauna." Ya zauna. Ashe zuwa ya yi ya gaya mata tukunyarta na ƙonewa. Ni ma ina ƙarasa masa, amma ni a ganina taimako ne, tunda yawanci ina cankar daidai.

To, bari in gabatar muku da wadda ta haɗa wannan rigimar. Tsohuwa muke ce mata, babbar kwamfutar shago ce, ta girme wasunku. Tsari uku ne a cikinta: ɗaya na gyaran waya, ɗaya na ceto bayanai daga faifan ajiyar kwamfuta da ya lalace, ɗaya kuma tsohon na Baba da ya hana a goge. In ka kunna ta, kafin komai ya tashi, wani ɗan jeri ne zai fito a baƙin allo ya tambaye ka wanne kake so. A sana'a butloda muke ce wa abin da ke fito da jerin nan, Baba kuma Mai Gadi yake ce masa, wai shi ke tsaye a ƙofa yana tambayar ɗakin da za ka shiga. A ƙasan jerin akwai ƙidaya. In ta ƙare ba ka taɓa komai ba, Mai Gadi zai ɗauka na sama kake so, ya wuce da kai.

Duk abin da Mai Gadi ya sani a cikin fayil ɗaya yake, kuma shekara goma sha biyar da hannu muke rubuta shi. Baba ma kafin ya taɓa layi ɗaya sai ya kwafe fayil ɗin gaba ɗaya da biro a wani littafi mai jan bango. Ni kuma da nake ganin na ƙware, watan jiya na ƙara sabon faifai, na buɗe fayil ɗin ina shan shayi ina hira da mai kawo mana kaya, na rubuta biyu a inda ya kamata in rubuta ɗaya. Tsohuwa ta ƙi tashi kwana ɗaya da wuni. Abin kunyar, harafi ɗaya ne, ina kallonsa yana kallona ban gan shi ba.

Injiniya ne ya gano shi cikin minti huɗu. Daga nan ya zaro wayarsa ya rubuta min bayani mai tsawo, yana tsaye a gabana. Wai akwai manhajar da ke duba faifan da ke cikin kwamfuta ta rubuta fayil ɗin da kanta. Ba ta gajiya, ba ta hira da mai kawo kaya, ba ta rubuta biyu a wurin ɗaya. Da ita yake riƙe da ɗari biyunsa, in da hannu ne da tuni ya haukace.

Na karanta wa Baba. Baba ya ce, "In ita ta yi kuskure fa?"

"Ba ta k-k-k..."

"Ba ta kuskure," na ƙarasa masa.

"Ban yarda ba," in ji Baba. "Kuskurenki na gan shi, harafi ɗaya ne, kin yi shi sau ɗaya kin ji kunya. Ita wannan in ta yi nata, wa zai sa ta ji kunya?"

Na ce Baba zamani ya canza. Na bar Injiniya ya saka ta, har ya kulle ta da lambar sirrinsa don kada in yi mata katsalandan. Ta rubuta sabon fayil tsaf, a samansa kuma ta rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a gyara wannan da hannu. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya ce tun da yake bai taɓa ganin baƙon da ya shigo gida ya liƙa wa masu gida doka a bango ba.

Wata guda lafiya lau, ba zan ci amanarta ba. Na ƙara faifai sau biyu, ta gane su da kanta kafin in ajiye sukudireba. Ranar Litinin da yamma Injiniya ya zo cikin riga ruwan toka mai guga kamar takarda, ya ce zai ɗan duba Tsohuwa. Ya yi rabin awa a kanta yana gumi, ya kashe ta, ya tafi ko shayi bai sha ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "G-gobe ke za ki k-k..." na ce, "Ni zan kunna, ai kullum ni ce." Ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Talata da safe cajar Gwaggo ta lalace. Ina banɗaki kumfa ta rufe min ido, ita kuma ta san akwai ramin caji a jikin Tsohuwa. Ta shiga shago, ta danna maɓallin, ta soka wayarta, ta fita shanya. Ba a yi minti biyar ba na ji ihu daga tsakar gida irin wanda ake yi in an ga maciji, sai dai wannan da dariya a ciki. Na fito da tawul a ka, ruwa na bin wuyana.

"Munafuka!" in ji Gwaggo, ta rungume ni har da jijjigawa. "Ashe kin amsa masa kika bar ni ina ta ɓata yawuna?"

"Na amsa wa wa?"

Ta tura min wayarta a fuska, ashe ƙararta ta ji ta koma shago ta zaro ta. Mahaifiyar Injiniya ce ta kira ta tana kukan daɗi, har ta saka ta a gurup ɗin danginsu mai mutum arba'in da uku. Ga saƙo nan daga lambarsa, ƙarfe tara da minti shida: "Alhamdulillahi, ta amince." A ƙasa addu'o'i sun fi ƙafa sittin, da hoton fure, da hoton zobe, da wani kawu da ya turo muryarsa ta minti huɗu.

Na miƙa mata wayarta. Na kira Injiniya, ba a ɗauka ba, sai ga saƙo: "Ina ɗakin injina, ba a shiga da waya, amma kina raina." Wannan ma na san ba shi ba ne.

Na zura doguwar rigata mai ƙunar dalma a hannu, na ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen gashi, na shiga shago, don akwai aiki. Wani malamin makaranta ya kawo faifansa da ke gab da mutuwa, sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari uku a ciki, yana so kafin a tashi daga aiki. Na ɗora shi a kan Tsohuwa ta fara kwafa. Sai aka ɗauke wuta. Ku sani Baba ya saita Tsohuwa tun da daɗewa, da an kawo wuta take tashi da kanta. Ina waje ina karɓar waya daga hannun wata mata aka kawo wutar.

"Kin sake amincewa!" Gwaggo ta ƙwalo daga ciki.

A karo na uku ina zaune a gabanta, da idona na gani. Wuta ta dawo, fanka ta juya, baƙin allo ya haska. Babu na gyaran waya, babu na ceto bayanai, babu na Baba. A sama an rubuta: "Za ki aure ni?" A ƙasa zaɓi biyu. Na sama, wanda farin layi ke kai: "Na amince." Na biyu: "Ina tunani." Can ƙasa kuma ƙidaya: goma, tara, takwas.

Ku gafarce ni, na saki baki ina kallo. Zuciyata na bugawa, rabi daɗi rabi takaici, hannuna ya ƙi motsi. Mutumin da nake so yana neman aurena ta bakin Mai Gadi, kuma ya ba ni sakan goma. Uku, biyu, ɗaya. Tsohuwa ta wuce abinta, ta aika wa gurup ɗin danginsa saƙo, wayar Gwaggo ta yi ƙara a tsakar gida.

Baba daga kan benci ya ce, "Wa ya amsa?"

"Ba kowa, Baba. Ƙidaya ce ta ƙare."

"To Allah ya sanya alheri," ya ce, ya ci gaba da goge tabarau.

Na naɗe hannun riga. Na buɗe fayil ɗin, na tsallake gargaɗin nan na manyan baƙaƙe, na goge tambayar da amsoshinta, na mayar da jerinmu na da, layi bayan layi, ina dubawa sau biyu. Na ajiye, na ja numfashi. Minti biyar bayan haka na sake leƙawa, sai ga "Za ki aure ni?" ta dawo daram. Ashe manhajar tana zagayowa duk minti biyar, in ta ga an taɓa mata rubutu sai ta mayar da shi yadda aka gaya mata. Na goge, ta mayar. Na goge, ta mayar. Ina so in kashe ta, lambar sirri na wurin wanda ke ɗakin injina yana tunanina. Ana cikin haka wuta ta yi ƙyaf ta dawo, na amince karo na huɗu ina tsaka da zagin allo.

A gurup kuwa yanayi ya fara canzawa, Gwaggo na karanto min daga bakin ƙofa. A na biyu an ce masha Allah. A na uku wata ta ce, "Mun ji." A na huɗu ƙanwarsa ta rubuta, "Yaya, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, ba wanda zai ƙwace mata kai."

Na biyar ina kicin ya same ni. Na ji firji ya ɗauka, na yar da cokali, na keta tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya, na yi karo da igiyar shanya, na iso ƙidaya na kan ɗaya. Kafin yatsana ya sauka an gama. Kawun nan mai muryar minti huɗu ya rubuta kalma huɗu kacal: "Yarinyar nan lafiya kuwa?"

Sai na ja kujera na zauna gadi, ko ruwa na ƙi tashi in sha. Wuta ta tafi, ta dawo, na danna ƙasa da ƙarfina na zaɓi na biyun. Na ji daɗi na kusan sakan uku. Wayar Gwaggo ta yi ƙara: "Tana tunani."

"Tunanin me?" Gwaggo ta shigo shagon tana riƙe da ƙugu. "Bayan sau biyar? So kike a ce 'yar da na riƙe ba ta da magana ɗaya? Mutanen nan har sun fara tambayar launin da kike so!"

"Gwaggo, ba ni ba ce, kwamfuta ce!"

"Kwamfutar wa? Ba taki ba ce? In akuyarki ta ci kayan mutane, cewa za ki yi ba ke ba ce?"

Kashe Tsohuwa ba zai yiwu ba, faifan malam ya kai rabi, kuma irin wannan faifan in ka bar shi ya huce ba lalle ya sake tashi ba. Sai dabara ta zo min, na zare wayar akwatin intanet ɗin gidan. Wuta ta yi wasanta sau uku, Tsohuwa ta amince sau uku, ba abin da ya fita. Na fara jin kaina gwana. Abin da na manta shi ne wayar Gwaggo ma a akwatin nan take sha. Da ta ga gurup ya yi tsit sai ta bi waya har bayan kabad, ta ga abu a zare, ta mayar da shi don gyara. Saƙonnin nan uku ashe layi suka yi suna jira. Suka fita a jere cikin sakan ɗaya: ta amince, ta amince, ta amince.

Ba wanda ya ce komai a gurup. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Na taran ya zo daidai lokacin da faifan malam ya gama, na miƙa masa, ya yi godiya, ya ƙara da cewa ya ji abin alheri, Allah ya sa a yi da mu. Gwaggo ta riga ta gaya wa layin gaba ɗaya.

Ƙarfe huɗu da kwata Injiniya ya faɗo shagon. Farar rigarsa ta manne da baya don gumi, katin aikinsa na lilo a wuya, igiyar takalminsa ɗaya a kwance. Bai taɓa zuwa gidanmu da igiya a kwance ba. Ya gaida Baba da hannu biyu, ya kalle ni, ya zaro waya zai fara rubutu. Na karɓe ta na kife a kan tebur.

"Zauna," na ce. "Ka kashe manhajar nan, ka gyara fayil ɗin. Da hannunka."

Ya zauna. Ya kashe ta da lambarsa, wannan bai ba shi wuya ba. Amma da fayil ɗin ya buɗe a gabansa sai ya tsaya yana laluben inda zai fara. Shekara shida rabon da ya rubuta irin wannan da hannu. Ya goge tambayar, ya goge amsoshin, ya rubuta layi uku, ya share gumi, ya sake kunna Tsohuwa. Allo ya yi baƙi. Babu jeri, babu ƙidaya, sai ɗan farin layi a kusurwa yana ƙyaftawa. Ya manta alama ɗaya ta rufe layi, na gan ta tun yana rubutawa, na yi shiru da gangan.

"Madalla," in ji Baba. "Yanzu take jiran mutum."

Gwaggo ta jingina da ƙofar tsakar gida, wayarta a hannu. Ni kuma na juya kujerar Injiniya ta fuskance ni.

"Me ya sa ka ɗora 'Na amince' a sama?"

Ya runtse ido. "Ts-ts-tsoro."

"Tsoro ne ya ba ka izinin amsa min? In na yi shiru, shirun nawa ne. Ba kai za ka cike min shi ba, ba kuma Tsohuwa ba." Na nuna masa allon. "Kuma sakan goma? Ko mai sayar da kati yana ba mutum fiye da haka. Me ya sa goma?"

"Sh-sh-shi ne..."

"Shi ne wanda manhajar ta zo da shi, na sani."

Ya girgiza kai.

"Ki bar shi," in ji Baba, a hankali.

Na bar shi. Ya kama gefen tebur, jijiyar wuyansa ta tashi. "Na ƙ-ƙirga," ya ce. "Tun ina y-yaro. Sakan g-g-goma ake j-jirana. Daga nan sai a ƙ-ƙarasa min." Ya kalli Gwaggo. "Gwaggo uku. Ke k-kina kaiwa sha b-biyu."

Jama'a, kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Wuni guda ina tafasa don an amsa min magana ba da yawuna ba, ashe wata takwas abin da nake yi masa ke nan, da murmushi, ina ganin alheri nake yi. Na tuna jiya a bakin ƙofa, da ya ce gobe ni zan k-k, na ce kunna. Wa ya sani ko abin da zai ce ke nan? Na tuna duk sau nawa na canka daidai, ban taɓa tambayar kaina sau nawa ya gyaɗa kai kawai don ya gaji ba. Hawaye suka cika min ido, ban goge ba.

Na ja tawa kujerar har gwiwarmu ta kusa haɗuwa. "Ga Tsohuwa can ta mutu, babu mai ƙirgawa. Ka tambaye ni."

Ya kalli wayarsa da ke kife. Ya kalli Baba. Ya kalle ni. "Z-z-z..."

Fanka na juyawa a sama. Wata mota ta wuce a titi.

"Za k-k-k..."

"Za ki aure..." Gwaggo ta fara.

"Yaya, ki yi shiru."

Baba ne. Shekara sittin da wani abu bai taɓa ce wa yayarsa haka ba. Gwaggo ta zauna a kan kwalin takardu.

Ban ƙirga ba, amma Baba ya ce ya kusa minti ɗaya. Kalmar na bakina, tana ƙaiƙayin harshena, na cije ta. Na ga gumi ya gangaro daga goshinsa ya tsaya a kan gira. Na ga ya saki teburin ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.

"Za ki aure ni?" Ta fito gaba ɗaya a ƙarshe, ba ko gargada, har shi kansa ya razana.

Sai na yi shiru nawa. Ba don ban san amsar ba. So nake in ji yadda shiru yake in ba wanda zai cike min shi. Na wuce goma, na wuce ashirin. Gwaggo na murza gefen zaninta kamar za ta yaga, amma shi bai motsa ba, bai kalli agogo ba, jira kawai yake.

"Eh," na ce. "Wannan ce ta farko. Sauran taran ka goge su."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Baba ya cire tabarau yana gogewa, alhali yanzu ya goge shi. Gwaggo ta ɗaga hannu sama za ta yi godiya ga Allah, sai wayarta ta yi ƙara. Ta Injiniya ma ta yi gurnani a kan tebur. Gwaggo ta duba, ta dafe ƙirji.

"Ta fasa," ta karanto. "Haka aka rubuta. Ta fasa, a yi haƙuri."

Injiniya ya ɗago a firgice. Ashe mutumin nan ba ya barin ƙofa a buɗe. Ya gaya wa wata kwamfuta a ofishinsu cewa in aka goge tambayar daga Tsohuwa kuma manhajar ba ta mayar da ita ba, to na ƙi ke nan, ta sanar da dangi don kada shi ya sha wuyar faɗa. Ita kuwa ba ta san an yi hawaye a shagonmu ba, aikinta ta yi.

Wayarsa ta fara ringi, "Mama" a rubuce. Ya juya ta, babban yatsansa ya nufi wurin rubuta saƙo don sabo. Na ɗora hannuna a kan teburin kusa da nasa. Ya daɗe yana kallon sunan. Sannan ya danna, ya kai kunne. Daga inda nake ina jin muryarta tana zubo tambayoyi ba numfashi.

"Mama," ya ce. "K-ki j-j-jira ni in g-gama."

Muryar ta tsaya. Ya fara, a hankali, kalma na maƙalewa yana ciro ta, can ɓangaren kuma ba a katse shi ba.

Baba ya miƙo min littafin nan mai jan bango ba tare da ya kalle ni ba. Na buɗe shafin ƙarshe, na jawo kibod, na fara mayar wa Mai Gadi hankalinsa layi bayan layi. Na san wata rana zan sake rubuta biyu a wurin ɗaya, kuma na san zan sake kunna manhajar nan ta riƙa gane min faifai, don ta fi ni a wannan. Amma da na iso layin ƙidaya, inda Baba ya rubuta goma da biro shekara goma sha biyar da suka wuce, sai na sa alamar da ke nufin a jira har sai mutum ya zaɓa.

Ya yi minti goma sha ɗaya da mahaifiyarsa. Da ya ajiye, rigarsa kamar an tsamo ta daga ruwa, na tura masa kofin shayina da ya huce, ya shanye. Saura mutum arba'in da biyu, kuma ya ce ɗaya bayan ɗaya zai kira su. Na leƙa wayar in ga wa ke biye. Kawun nan ne, wanda ya tambaya ko lafiyata ƙalau, kuma ya riga ya turo sabuwar murya ta minti tara.